Ƙuntatar jijiyar wuya: yadda sikanin ke auna jinin da ke isa ƙwaƙwalwa

A watan Nuwamban 2025 aka fitar da sakamakon wani babban bincike mai suna CREST-2, wanda likitocin Amurka suka jagoranta a kan mutum kusan 2,500. Dukansu jijiyar wuyansu mai kai jini ƙwaƙwalwa ta ƙuntace da kashi 70 cikin 100 ko fiye, amma babu wanda ya nuna alamar shanyewar ɓarin jiki a watannin da suka gabaci shigarsa binciken. Kowa an ɗora shi a kan magani mai ƙarfi. Wasu aka tsaya a nan, wasu aka ƙara musu da tiyatar kankare jijiyar, wasu kuma aka zura musu 'yar ragar ƙarfe mai buɗe ta daga ciki, wadda likitoci ke kira sitent. Bayan shekara huɗu, a rukunin da aka gwada ragar, kashi 2.8 na waɗanda aka sa wa ita ne suka gamu da shanyewa, ko mutuwa a makonnin farko, alhali a cikin masu magani kaɗai kashi 6 ne. A rukunin tiyata kuwa, 3.7 ne da 5.3, tazarar da a ma'aunin ƙididdiga ba ta kai a kafa hujja da ita ba.

Sakamakon ya bar baya da ƙura, domin ya zo da akasin abin da aka saba ji tun shekarun 1990, cewa tiyata ce gaba. Sai dai akwai wani adadi a cikinsa da ya fi shafar majinyaci kai tsaye: cikin kowane mutum 100 da aka bari a kan magani kaɗai, kusan 94 sun cika shekara huɗun nan ba tare da abin da ake gudu ya same su ba. Ke nan mafi yawan masu ƙuntatar ba su da abin da wuƙa ko raga za ta ƙara musu, 'yan kaɗan ne ke cikin haɗari na gaske. Gano waɗannan 'yan kaɗan ɗin shi ne inda gizo ke saƙar. Ɗaya daga cikin hanyoyin da ake bi ita ce auna gudun jini da sauti, a wuya da kuma cikin ƙoƙon kai.

Jijiyoyi huɗu da shataletale guda

Kalmar jijiya a Hausa tana da faɗi, tana ɗaukar ta jini, da ta ji, da wadda ke ɗaure tsoka da ƙashi. A nan ana nufin bututun da ke kwaso jini daga zuciya. Huɗu ne ke hawa zuwa ƙwaƙwalwa. Biyu na gaba, dama da hagu, su ake kira karotid, kuma su ne mutum ke jin bugunsu idan ya ɗora yatsa a gefen maƙogwaro. Biyun baya suna ratsawa ta cikin ƙasusuwan wuya. Kowace karotid takan rabu biyu daidai ƙasan muƙamuƙi. Reshen waje yana ciyar da fuska da fatar kai, reshen ciki kuma ya shige ƙoƙon kai ya ciyar da ido da mafi yawan ɓarin ƙwaƙwalwar da ke wannan gefen.

Ƙwaƙwalwa ba ta wuce kashi 2 na nauyin jiki ba, amma tana karɓar kusan kashi 15 na jinin da zuciya ke harbawa, kimanin mililita 750 a kowane minti, kwatankwacin ruwan leda ɗaya da rabi. Ba ta da rumbun ajiya. Jini ya yanke mata na 'yan mintoci, ƙwayoyinta sun fara mutuwa ke nan.

A ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, rassan jijiyoyin nan huɗu suna haɗuwa a wani zobe da aka raɗa wa sunan Thomas Willis, likitan Ingila da ya yi bayaninsa a 1664. Aikinsa irin na shataletale ne: hanya ɗaya ta toshe, jini ya zagayo ta wata. Amma waɗanda aka halitta da cikakken zoben, kowace mahaɗa a buɗe kuma da kauri, ba su kai rabin mutane ba. Shi ya sa za a ga dattijo karotid ɗinsa ɗaya ta toshe ɗungurungum yana harkokinsa bai ma sani ba, wani kuma tasa ba ta gama rufewa ba amma ɓarin ƙwaƙwalwarsa na cikin ƙishin jini.

Ƙuntatar takan faru ne a daidai inda karotid ta rabu biyu. Kitse da ƙwayoyin kumburi da sinadarin kalsiyam suna taruwa a cikin bangon jijiyar shekara da shekaru, su yi curi, curin ya turo ciki ya rage hanya. Tsufa, hawan jini, shan taba, ciwon suga da yawan kitse a jini su ne ke rura abin. Likitan Kanada C. Miller Fisher ne ya fito da alaƙar wannan curi da shanyewa a fili a 1951, kuma a 1954 aka ba da rahoton gyaran jijiyar ta hanyar tiyata a asibitin St Mary's da ke Landan.

Ta hanya biyu curin ke yin ɓarna. Ta farko, wadda ta fi yawa, ita ce fatarsa ta tsage, jini ya daskare a wurin, ɓarɓashi ya ɓalle ya bi jini ya toshe wata ƙaramar jijiya a ƙwaƙwalwa ko a ido. Ta biyu ita ce hanyar ta matse har jinin da ke wucewa ya gaza, zoben Willis kuma ya kasa cike giɓin. Kowace da irin sawun da take bari, kuma sikanin na iya bin sawun duka biyun.

Akwai kalmomi biyu da duk hukuncin likita ke rataye a kansu: mai alama da marar alama. Mai alama shi ne wanda a cikin wata shida da suka wuce ya samu shanyewa ko gargaɗinta daga wannan jijiyar. Gargaɗin yakan zo ya wuce cikin mintoci: ido ɗaya ya rufe kamar an saki labule, hannu ko ƙafa su mutu, baki ya karkace, magana ta sarƙe. Idon da ke rufewa na gefen jijiyar ne, hannu da ƙafar kuwa na ɗaya gefen. Marar alama shi ne wanda aka gano tasa ƙuntatar a kan hanyar neman wani abu, misali likita ya ɗora abin sauraro a wuyansa ya ji huci.

Yadda sauti ke auna jini

Na'urar dai irin wadda ake yi wa masu juna biyu sikanin da ita ce, kan da ake ɗorawa a fata ne ya bambanta. Tana aika sautin da kunne ba ya ji, ya bugi abin da ke ciki ya dawo, ta mayar da amsa-kuwwar hoto. Da wannan ake ganin bangon jijiya da curin da ke jikinsa. Gudun jini kuwa ana samunsa ne ta wata ƙa'ida da Christian Doppler, masanin ƙasar Ostiriya, ya bayyana a 1842. Duk wanda motar asibiti ta taɓa wucewa ta gabansa ya san ta ko da bai san sunanta ba: jiniyar tana da kaifi yayin da motar ke tahowa, da ta wuce sai ta yi kauri. Haka sautin da ya bugi ƙwayoyin jini masu tafiya ke dawowa a sauye, kuma daga girman sauyin na'ura ke lissafa saurinsu. Shigeo Satomura na Jami'ar Osaka a Japan ne ya fara amfani da wannan a jikin mutum a shekarun 1950.

Dalilin da ya sa gudu ke nuna ƙunci, mai ban ruwan lambu ya san shi. Idan ya danne bakin tiyo da babban yatsa, ruwan yakan fita da ƙarfi ya yi nisa. Jini ma haka yake yi a inda hanya ta matse. A 2003 wani taron ƙwararrun sikanin a Amurka ya wallafa ma'aunin da har yau asibitoci da dama ke bi. Idan ƙololuwar gudun jini a reshen ciki, lokacin da zuciya ta harba, bai kai santimita 125 a sakan ba, ƙuntatar ba ta kai rabi ba. Daga 125 zuwa 230, tana tsakanin kashi 50 da 69. Ya haura 230, ta kai 70 ko fiye. Ana kuma duba gudun a lokacin da zuciya ta saki, sannan a kwatanta na reshen ciki da na uwar jijiyar da ke ƙasa. Idan ya ninka shi fiye da sau huɗu, ƙuntatar mai tsanani ce.

Abin lura shi ne kason da ke rubuce a takardar sakamako kintace ne daga gudu, ba a sa ma'auni an auna faɗin jijiyar ba, kuma abubuwa da dama na iya karkatar da shi. Kusurwar da mai sikanin ya riƙe kan na'urar tana da tasiri sosai, shi ya sa ake son kada ta wuce digiri 60. Curin da ya ƙanƙare da kalsiyam yakan tare sautin ya jefa inuwa a daidai inda ake son gani. Idan karotid ta ɗaya gefen ta toshe, wannan takan ɗauki kayan biyu, gudunta ya ƙaru ba tare da ta ƙuntace haka ba. Mafi ruɗarwa kuma, idan jijiyar ta kusa rufewa gaba ɗaya, gudun yakan faɗo maimakon ya hau, kamar yadda ruwan tiyo ke komawa tsiyaya idan aka danne shi sosai. Wanda bai goge ba yana iya ɗaukar wannan a matsayin sauƙi, ko ya rubuta cewa ta toshe alhali akwai sauran zare na hanya. Bambancin ba ƙarami ba ne, domin jijiyar da ta riga ta toshe gaba ɗaya ba a yi mata tiyatar kankarewa.

Ma'aunin kansa ma bai tsira daga gyara ba. A 2021 hukumar da ke tantance ɗakunan gwajin jijiyoyi a Amurka ta ba da shawarar a ɗaga layin kashi 50 daga 125 zuwa 180, bayan an ga cewa tsohon layin yana jefa mutane da yawa cikin rukunin da ba nasu ba.

Kashi 70 na wa?

Wani ruɗanin ya samo asali ne daga manyan bincike biyu da suka fitar da sakamakon farko a 1991, NASCET a Arewacin Amurka da ECST a Turai. Dukansu da hoton allurar rini suka auna, irin wanda Egas Moniz na Fotugal ya ƙirƙiro a 1927, amma kowa da abin da ya kwatanta. NASCET ya kwatanta wurin da ya fi matsewa da lafiyayyen sashen jijiyar da ke sama da curin. ECST ya kwatanta shi da faɗin da ake zaton wurin yake da shi kafin ciwon, wurin kuwa dama a kumbure yake a halitta. Saboda haka jijiya guda takan ba da lamba biyu. Abin da NASCET ya kira kashi 50, a ECST kusan 70 ne, kuma 70 ɗin NASCET ya haura 80 a ECST. Yau an fi tsayawa a kan na NASCET, kuma takarda mai kyau takan faɗi da wanne aka yi aiki.

Saboda waɗannan dalilai, ba a cika ɗaukar wuƙa a kan sikanin ɗaya ba. Ko dai wani ƙwararren daban ya maimaita, ko a tabbatar da hoton jijiyoyi na CT ko MRI. Tsohon hoton allurar rini, wanda ake zura bututu ta cinya, an rage shi, domin a binciken ACAS na 1995 shi kansa ya jawo shanyewa ga kashi 1.2 na waɗanda aka yi wa.

Leƙawa cikin ƙoƙon kai

Sikanin wuya yana nuna girman shingen da ke kan hanya. Abin da ya isa ƙwaƙwalwa bayan shingen kuwa sai an leƙa sama. An daɗe ana ganin ƙashin kai ba zai bar sauti ya ratsa ba, har zuwa 1982, lokacin da Rune Aaslid, ɗan ƙasar Norwe da ke aiki a birnin Bern na Switzalan, ya nuna cewa sauti mai kauri yana wucewa ta inda ƙashin ya fi siranta, tsakanin ido da kunne. Likitoci suna kiran wurin taga. Akwai wata ta kan fatar ido, da wata ta ƙeya. Ta tagar gefen kunne ake kama babbar jijiyar tsakiyar ƙwaƙwalwa a zurfin santimita 5 ko kusa da haka, inda matsakaicin gudun jinin lafiyayyen baligi yake wajen santimita 60 a sakan. Ba allura, ba haskaken da ke cutarwa, ana iya yinsa a bakin gadon majinyaci a kuma maimaita sau nawa aka so.

Abu na farko da gwajin ke nunawa shi ne ko shataletalen na aiki. A gefen da karotid ta matse, bugun jinin yakan zo a sanyaye, ya hau a hankali maimakon ya yi tsalle. Wani lokaci a tarar jijiyar gaban ƙwaƙwalwa ta juya akala, tana kwaso jini daga ɗaya ɓarin. Wani lokaci jijiyar ido ce ke juyawa, maimakon ta fitar da jini zuwa ido sai ta riƙa shigo da na fuska cikin kai. Ganin haka yana tabbatar da cewa ƙuntatar wuyan mai tsanani ce da gaske, yana kuma nuna ta ina agaji ke zuwa.

Na biyu shi ne rara. Ƙananan jijiyoyin ƙwaƙwalwa suna da dabarar kare kansu: jini ya ragu, sai su buɗe don su ja ƙari. Buɗewar tana da iyaka. Wanda nasa suka riga suka buɗe har ƙarshe don cike giɓin wuya ba shi da sauran abin kariya, kuma duk abin da ya saukar masa da ƙarfin jini farat ɗaya, kamar gudawa mai tsanani, zubar jini, ƙarancin ruwa a jiki ko maganin hawan jinin da ya yi yawa, yana iya jefa shi cikin shanyewa. Gwajin rarar mai sauƙi ne. Ana ɗora na'urar a taga, a ce wa mutum ya riƙe numfashi na sakan 30. Iskar kabon da ta taru a jininsa takan sa ƙananan jijiyoyin su buɗe, gudun ya hau. Idan bai hau yadda ya kamata ba, rarar ta ƙare. Akan yi gwajin kuma da shaƙar iskar kabon ɗin ko da allurar maganin asetazolamaid. A wani bincike da Mauro Silvestrini da abokan aikinsa suka wallafa daga Italiya a 2000, a kan marasa alama 94 masu ƙuntatar kashi 70 ko fiye, waɗanda rararsu ke nan sun samu shanyewa ko gargaɗinta da kashi 4.1 a shekara, waɗanda tasu ta gaza kuwa kashi 13.9.

Na uku shi ne ɓarɓashi, kuma a nan ne gwajin ya fi ba da mamaki. Curin da ke shirin ɓarna yakan riƙa sakin ƙwayoyi ƙanana ƙwarai, waɗanda ba sa jawo alamar da mutum zai ji. Idan ɗaya ta gifta ta gaban sautin, takan bar ɗan haske mai kaifi a allon na'ura, tare da wata 'yar ƙara kamar tsuwar ɗan tsako, wadda ba ta kai rabin sakan ba. Don a kama su, akan ɗaura wa mutum na'urar a kai ya zauna awa guda. Binciken ACES da Hugh Markus na Birtaniya ya jagoranta, wanda aka wallafa a 2010, ya saurari marasa alama 467, aka ji ɓarɓashin a kusan mutum ɗaya cikin shida. Haɗarin shanyewa daga wannan jijiyar ga waɗanda aka ji nasu ya kai kashi 3.6 a shekara, ga sauran kuwa 0.7 ne. Ninki biyar ke nan, tsakanin mutanen da takardar sikanin wuyansu ke ɗauke da kusan lamba ɗaya.

Ana kuma amfani da na'urar a ɗakin tiyata. Lokacin da likita ya matse karotid don ya kankare ta, faɗuwar gudu a kai takan nuna masa ko sai ya sa bututun wucin gadi. Bayan an buɗe hanya kuma, idan gudun ya ninka, alama ce cewa jini ya yi wa jijiyoyin da suka saba da ƙamfa yawa, dole a tsare hawan jini kada ɗaya ta fashe.

Gwajin yana da nasa rauni. Mutum ɗaya zuwa biyu cikin goma ba su da tagar, ƙashinsu ya yi kaurin da sauti ba ya ratsawa, kuma hakan ya fi yawa a tsofaffin mata, da baƙaƙen fata, da mutanen gabashin Asiya. Gudu yake aunawa, ba yawan jinin da ya wuce ba, sai a ɗauka cewa faɗin babbar jijiyar bai sauya ba. Ɓarɓashin kuma ba kullum yake fita ba, ana iya sauraron awa guda a tashi ba a ji komai ba alhali curin na saki a wasu lokutan.

Inda likitoci suka haɗu, da inda suka rabu

A kan mai alama babu jayayya. NASCET ya nuna cewa masu ƙuntatar kashi 70 zuwa 99 da aka bari a kan magani, kashi 26 sun samu shanyewa daga wannan jijiyar cikin shekara biyu, waɗanda aka yi wa tiyata kuwa kashi 9. Ga masu 50 zuwa 69 ribar ta ragu amma tana nan: kimanin 22 da 16 a shekara biyar. Ƙasa da rabi, tiyata ba ta da amfani.

Marar alama ne ya raba kawuna. Binciken ACAS a 1995 da na ACST a 2004 sun nuna tiyata na rage haɗarin shekara biyar daga kusan kashi 11 ko 12 zuwa 5 ko 6. Amma an yi su ne kafin magungunan rage kitsen jini su game ko'ina. Tun daga lokacin, haɗarin wanda ke shan asfirin da maganin kitse, ya tsare hawan jini, ya bar taba, ya sauko daga kusan kashi 2 a shekara zuwa wajen 1.

Daga nan ra'ayi ya kasu. Masu cewa a buɗe jijiyar suna kafa hujja da cewa shanyewa da yawa ba ta yin sallama, ta farkon ita ce babbar, kuma ga CREST-2 ya nuna ribar raga ko da a kan magani na zamani. Masu cewa a tsaya a magani suna amsawa da cewa aikin kansa yana jawo shanyewa ko mutuwa ga wasu, shi ya sa aka daɗe da gindaya sharaɗin kada wannan ya wuce kashi 3 ga marar alama. Suna ƙarawa da cewa likitocin da suka shiga binciken zaɓaɓɓu ne da aka tantance, majinyatan ma an tace su, don haka ba kowane asibiti ne zai maimaita sakamakonsu ba. Ko a CREST-2 ɗin, sai an sa wa mutum kusan 30 raga kafin a kare ɗaya cikin shekara huɗu.

Ƙungiyar likitocin tiyatar jijiyoyi ta Turai ta ɗauki hanyar tsakiya a ƙa'idojinta na 2017 da 2023: a duba yiwuwar aiki ga marar alama mai kashi 60 zuwa 99 idan akwai wata shaidar da ta nuna haɗarinsa ya fi na saura. Cikin shaidun da ta lissafa akwai ɓarɓashin da aka ji a kai, da gazawar rara, da curi mai laushi da ke fitowa baƙi a sikanin, da ƙuntatar da ke ƙaruwa daga gwaji zuwa gwaji, da tabon tsohuwar shanyewa da ba a ji ba a hoton ƙwaƙwalwa. Wannan matsayin shi ya fi dacewa da abin da lambobin ke nunawa, tunda kaso ɗaya na iya ɓoye haɗari iri-iri. Masu suka suna da gaskiya a wuri guda: hujjojin ɓarɓashi da rara na bibiya ne, an gwada mutane an zuba ido, kuma da yawansu an tattara su ne kafin magani ya kai ƙarfin da yake da shi yau.

Batun a riƙa yi wa kowane dattijo sikanin wuya don rigakafi kuwa, kwamitin da ke ba da shawara kan gwaje-gwajen rigakafi a Amurka ya ƙi amincewa da shi a 2014, ya sake ƙi a 2021. Hujjarsa ita ce ƙuntata mai tsanani ba ta da yawa a cikin jama'ar da ba su da alama, saboda haka waɗanda na'urar za ta yi wa ƙarya a kai su ga aikin da ba su buƙata za su iya rinjayar waɗanda za a ceta.

Abin da ya shafi majinyaci a nan gida

Binciken da aka ambata a kan Turawa aka yi mafi yawansa, yanayin Afirka ta Yamma kuwa ya ɗan bambanta. Binciken SIREN, wanda aka gudanar a asibitocin Najeriya da Gana aka wallafa a 2018, ya gano cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na shanyewar da aka gani fashewar jijiya ce, ba toshewa ba, kuma hawan jini ne ya yi wa sauran dalilai fintinkau. Don haka wanda ya shanye, hoton CT na kai yake fara buƙata don a bambance fashewa da toshewa, tun kafin a ba shi asfirin. Sikanin wuya yana biyo baya ne idan an tabbatar toshewa ce. An kuma san cewa a tsakanin baƙaƙen fata curin yakan fi zama a jijiyoyin cikin kai idan aka kwatanta da Turawa, don haka wuya ya fito fes ba ya nufin an gama bincike. Na'urar da ke leƙawa ta taga tana iya kama irin wannan ƙuncin ta hauhawar gudu.

Ita wannan na'urar ba baƙuwa ba ce a Kano da Kaduna, sai dai ta ƙofar sikila ta shigo. A yaro mai sikila, ƙarshen karotid da jijiyar tsakiyar ƙwaƙwalwa kan ƙuntace tun yana ƙarami. Binciken STOP na Amurka a 1998 ya nuna cewa yaran da matsakaicin gudun jininsu ya kai santimita 200 a sakan suna cikin babban haɗari, kuma ƙarin jini a kai a kai ya rage shanyewa da kashi 92. Da yake ƙarin jini kowane wata ya fi ƙarfin yawancin iyalai, binciken SPRING da aka yi a asibitocin Kano da Kaduna, ciki har da Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, ya yi amfani da wannan sikanin wajen zaƙulo yaran, aka ɗora su a kan maganin haidroksiyuriya. Ƙwarewar da ma'aikatan lafiya suka samu a nan ita ce dai ake buƙata wajen duba manya masu ƙuntatar wuya.

Wanda aka miƙa wa takardar sikanin yana da damar tambayar likita da wane ma'auni aka fitar da kason, ko an tabbatar da shi ta hanya ta biyu, da kuma ko ana lissafa shi cikin masu alama. Marar alama yana da lokacin yin shawara da neman ra'ayin wani likitan, kuma ko an yi masa aiki ko ba a yi ba, maganin kitse da na hawan jini da barin taba suna nan a kansa.

Mai alama kuwa ba shi da wannan lokacin. Gargaɗin da ya zo ya wuce cikin minti goma shi ne aka fi yi wa sakaci, a ce gajiya ce, ko jiri, ko iska, a jira a ga ko zai dawo. Haɗarin babbar shanyewa ya fi yawa a kwanakin farko bayan gargaɗin, shi ya sa ƙa'idojin suka ce a yi sikanin nan take, aikin kuma kada ya wuce kwana 14. Peter Rothwell na Jami'ar Oxford da abokan aikinsa sun haɗa bayanan NASCET da ECST a 2004, suka duba masu ƙuntatar kashi 50 ko fiye. A cikin waɗanda aka shigar binciken kafin mako biyu da ganin alama, tiyata biyar ce ke hana shanyewa ɗaya. A cikin waɗanda suka haura mako 12, sai an yi 125.